Da Hannuna Na Shigar Da Ita Cikin Ɗalibaina

A shekarar da cutar korona ta shigo, ni ce mataimakiyar shugabar wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Jega. Shekaruna talatin da shida, 'ya'yana uku, ina koyar da Turanci. A cikin malamanmu kaf ni aka sani da iya waya da kwamfuta, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin wannan sunan. Na daɗe ina riƙe da wannan labari a ciki. Na yanke shawarar rubuto shi ne saboda kullum ina ganin malamai suna buɗe aji a waya cikin murna, kamar yadda na yi, ba su san abin da na sani ba.

Da aka rufe makarantu, abin da ya fi damuna shi ne 'yan aji shida masu jiran jarrabawar kammala sakandare. Babu wanda ya san ranar da za a buɗe, kuma na san yarinyar da ta zauna gida wata uku ba ta buɗe littafi ba, sai an yi da gaske kafin ta dawo hanya. Shugabarmu dattijuwa ce, ta ce in yi duk abin da na ga ya dace, ita ba ta san kan waɗannan abubuwa ba. Sai na buɗe guruf a waya. Na riƙa ɗaukar darasi da murya ina turawa, in ɗauki hoton tambayoyi, su amsa a takarda su turo hoto. Yawancinsu ba su da waya, sai na bi iyaye ɗaya bayan ɗaya ina roƙo a ara musu. Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wani manomin albasa a Danwarai, kusa da Aliero, mahaifin yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Ya ce shi bai yarda ɗiya mace ta riƙe waya ba. Sau uku ina kiran sa. A na ukun na rantse masa cewa babu wanda zai yi magana da ɗiyarsa a wayar nan sai ni da malaman da na sani. Sai ya ce to, ya ba ni amana, Allah na gani. Ya karɓi wayar ƙanensa ya ba ta.

Matsalata ita ce lissafi da kimiyya. Malamin lissafinmu tsoho ne, ƙaramar waya gare shi, ya kuma koma Sabiyal ya kama noma. Sai na rubuta a wani zauren malamai cewa ina neman masu taimako don Allah. Washegari wata lamba ta yi min sallama. Ta ce ita mace ce, 'yar asalin Aliero, tana koyarwa a wata jami'a a ƙasar waje, cutar ta tsare ta a can, kuma burinta ta ga 'yan matan yankinmu sun zama likitoci. A hoton da ke kan lambar, mace ce mai kamala da gilashi da farin mayafi. Ta turo min lissafi guda biyar da ta warware da hannu, tsaf, har da bayani da Hausa. Ban tambaye ta gidansu ba. Ban tambayi sunan mahaifinta ba, alhali Aliero ba nisa, kuma ina da dangi a can da za su faɗa min gaskiya cikin yini ɗaya. Na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba, ta rubuto cewa sabis ɗin ƙasar ba ya ɗaukar kira. Na yarda. A ranar na shigar da ita guruf, na ce wa yara ga Anti Dakta nan, su girmama ta kamar yadda suke girmama ni.

Ta yi aiki, wallahi ta yi. Kullum da safe sai ta turo darasi. Yara suka fara gane abin da ya gagare su shekara biyu. Iyaye suka riƙa yi min addu'a, malaman wasu makarantu suna kira na in koya musu yadda na tsara abin. Ita kuma ta riƙa yaba min, tana cewa za ta sa sunana cikin malaman da za a ba horo a waje idan cuta ta lafa. Wannan maganar ta shiga raina fiye da yadda nake so in amsa. Da na kira tsohon malamin lissafinmu ina ba shi labari, ya tambaye ni ko na taɓa jin muryar matar. Na ce a'a. Ya ce shi kam ba zai bar wanda bai ji muryarsa ba ya tsaya gaban allo a ajinsa. Na yi dariya, na ce a raina tsoho yana kishi ne don zamani ya bar shi.

Babban laifina ya zo bayan haka. Wata yarinya mai kunya, 'yar Jiga Birni, ta rubuto min ni kaɗai cewa Anti Dakta tana yi mata magana a gefe, har ta ce ta turo hotonta a tsaye ba hijabi, wai don takardar neman tallafin karatu. Ta tambaye ni ko ta tura. Na karanta saƙon ina cikin girki. Gabana ya ɗan faɗi, na ji faɗuwar, ba zan yi ƙarya ba. Amma na ce mata kada ta tura in ba ta so, sai dai kada ta riƙa zargin mutanen da ke taimakonmu, ai Anti mace ce 'yar uwarta. Ban tambayi sauran yaran ba. Ban tambayi ita Daktar ba, don ina tsoron ta yi fushi ta bar mu. Na ajiye wayar na koma kan tukunyata.

Bayan kamar mako biyu, ranar wata Laraba da damina, na idar da sallar azahar sai ga kiran manomin Danwarai. Muka gaisa, sai ya ce in sallamo yarinya hakanan tun da rana, hadari na haɗowa. Na ce wace yarinya? Ya ce ɗiyarsa mana, ai tun hantsi ta fito, ta ce ni na kira ta Jega ta karɓi takardun gwaji. Na koma na zauna a kan dardumar. Na ce masa ba ta zo ba, ni ban kira ta ba. Kalma kaɗan ya faɗa: “Malama, ina ɗiyata?”

Na kira lambar yarinyar, a kashe. Na kira har ban san adadi ba. Na rubuta wa Dakta, na ga alamar ta karanta, ba ta amsa ba. Na sake rubutawa, sai hoton matar mai gilashi ya ɓace daga kan lambar. A nan na gane. Na kira babbar ƙawar yarinyar, na yi mata tsawa irin wadda ban taɓa yi wa ɗaliba ba. Ta fashe da kuka, ta ce Anti ta zaɓe su su uku za a ba su tallafin karatun likita, ta ce su zo Maiyama a ɗauki hotonsu da zanen yatsa, direbanta zai same su a tasha. Ta gargaɗe su kada su faɗa min, wai so take ta yi min albishir bayan komai ya kammala. Ita ƙawar innarta ta hana ta fita, ɗayar kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. Ɗiyar Danwarai kaɗai ta tafi. Wato ta hau mota daga Aliero, ta sauka Jega, ta wuce ta bakin layinmu, ta shiga motar Maiyama, ni ina cikin gida ban sani ba.

Maigidana bai tsaya yi min faɗa ba, ya tayar da babur kawai. Na faɗa wa mahaifin yarinyar ya same mu Maiyama. Muna barin Jega ruwa ya sauko. Ban ji dukan ruwan ba. Duk motar da ta wuce mu sai na leƙa cikinta, duk mai baƙin gilashi sai na ji kamar in yi ihu a tsayar da ita. Ina ta lissafin awowi: in tun hantsi ta fito, yanzu an kai ta ina? An wuce Koko da ita? An shiga daji? Ina ganin fuskarta yadda take cizon biro idan tana tunani, ina tuna cewa ba ta taɓa zuwa ko'ina ita kaɗai ba sai makaranta. Na yi addu'a har kalmomin suka ƙare, ya rage sunan Allah kawai nake maimaitawa. Na roƙe Shi ya ɗauki duk abin da nake taƙama da shi ya dawo da yarinyar nan.

A tashar Maiyama na riƙa bin rumfuna ina tambaya kamar mahaukaciya, jikina sharkaf. Direbobi suka ce ba su lura ba. Har na fara kuka a fili, sai wata mata mai sayar da shinkafa da wake ta ɗaga murya ta tambaya ko ni ce malamar. Na juya. A bayan tukwanenta, kan wani benci, ga yarinyar zaune, ta rungume jakar littattafanta. Na durƙusa a cikin taɓo na riƙe ƙafafunta. Ita ce ma take ba ni haƙuri.

Matar ce ta ba mu labari. Ta ce cajin wayar yarinyar ya ƙare tana sauka mota, sai ta zo rumfarta tana tambayar inda ake caji. Ta ga baƙuwa ce, ta zaunar da ita, ta ja ta da hira har ta ji abin da ya kawo ta. Ba a jima ba wani mutum ya faka mota, ya fito sanye da takunkumin fuska da hula, idanunsa kawai ake gani, yana bin 'yan mata da kallo. A lokacin takunkumi ba abin mamaki ba ne. Ya kira sunan yarinyar daidai, ya ce shi ne direban Dakta. Yarinyar ta miƙe har ta ɗauki jaka. Matar ta riƙe mata hijabi, ta ce masa ya kira Daktar su gaisa tukuna. Ya ce tana cikin taro. Ta ce to ya sauke takunkumin ta ga fuskar wanda zai tafi da ɗiyar mutane. Ya ce doka ta hana. Ta ce ita ma dokarta ta hana yarinyar tashi daga benci. Ya yi murmushi da ido, ya ce bari ya je ya zo da takarda. Bai dawo ba. Yarinyar ta yi ta kuka wai an sa ta rasa tallafi, matar ta ce ta yi kukan a nan har wani nata ya zo.

Mahaifin ya iso a kan babur, da taɓon gona har gwiwa. Ya duba ɗiyarsa daga sama har ƙasa, ya yi wa mai shinkafa godiya. Sannan ya karɓi wayar daga hannun yarinyar, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na so ya zage ni. Cewa kawai ya yi, “Kin rantse mini, Malama.” Ya ɗauki ɗiyarsa suka tafi.

Mun kai ƙara, an karɓi lambar, amma an riga an kashe layin, har yau ba a kama kowa ba. Ban san ko mutum ɗaya ne ko ƙungiya ba, ban san ko akwai mace a cikinsu ba. Da na zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, na gano huɗu sun tura irin hoton da aka nema. Wasu malamai suka ba ni shawarar a rufe maganar don sunan makaranta. Na kasa. Na bi gidajen nan huɗu da ƙafata na faɗa wa iyaye mata abin da ya faru da kuma inda na yi sakaci. Wata ta yi kuka, wata ta kore ni. Watanni na yi ina firgita duk lokacin da saƙo ya shigo wayata, ina tsoron in buɗe in ga hoton ɗalibata yana yawo. Allah ya rufa asiri, ban taɓa gani ba, amma ban san inda hotunan suke ba, kuma wannan rashin sanin bai bar ni ba. Guruf ya watse. Da aka buɗe don jarrabawa, na ɗauka ba zan ga ɗiyar Danwarai ba. Sai ga ta. Mahaifinta ne ke kawo ta kowace rana, ya zauna ƙarƙashin dogon yaron bakin ƙofa har ta fito. In na gaishe shi sai ya amsa da kai. Ta ci jarrabawar da kyau. Shi kuwa har yau amsawar kai ce tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

Ban daina koyarwa ta waya ba, don na ga amfaninta da idona, kuma ba waya ce ta cuce mu ba. Ni ce na so yabo har na ƙi jin gargaɗin dattijo da tambayar yarinya. Yanzu babu mai shiga ajina sai na gan shi, na san gidansu, na san wanda ya tsaya masa. A kowane guruf akwai iyaye mata biyu, kuma yara sun san duk malamin da ya bi su gefe, ko ya ce kada a faɗa wa Malama, a ranar zan ji.

Ina roƙon 'yan uwana malamai da shugabannin makarantu, ku tsare ƙofar ajin waya kamar yadda kuke tsare ƙofar makaranta. Iyaye, ku riƙa zama kusa ku ga wanda ke koyar da 'ya'yanku. Idan kuma yarinya ta zo muku da tambayar da ta sa gabanku ya faɗi, ku sauke tukunyar, ku ajiye duk abin da ke hannunku, ku saurare ta. Ni an aiko min da tawa tambayar mako biyu kafin ranar, na amsa ta a tsaye cikin gaggawa. Ba kowace tasha ce ke da mace mai riƙe hijabin ɗiyar da ba ta haifa ba.