Ragon da Fada Ya Ƙi Karɓa

Ku da kuka fara aikin tuƙin nan kwanan nan, ku matso ku ji. Har gobe ban manta ranar da rago ɗaya ya kusa hana ƙauye guda ruwan sha ba.

Lokacin ni ne direban gidan mishan, Musulmi ina tuƙa limaman Katolika. Maigidana, Fada Markus, ɗan wata tsohuwar ƙungiyar limamai ne da aka kafa don shiga wuraren da hanya ba ta kai ba, a gina makaranta da asibiti, a haƙa rijiya. Kowane ɗan ƙungiyar yana ɗaukar alkawari uku: ba aure, ba dukiyar kansa, kuma duk inda babba ya tura shi sai ya tafi. Ko agogon hannunsa na ƙungiya ne.

Wata Laraba da rani muka je wani ƙauye bayan Mabai neman izinin haƙa rijiyar burtsatse, domin matan garin sai sun sha doguwar tafiya kafin su ɗebo ruwa. Ƙa'ida ita ce mai gari ya nuna fili, ya sa hannu a takarda, sannan a kira masu injin. Muka zauna a zaurensa, magana ta yi daɗi, har mai gari ya sa aka jawo wa baƙo wani farin rago, tubarkalla.

Fada sabon zuwa ne, Hausarsa ta littafi. Ya yi murmushi ya ce, "Na gode, amma ba zan iya karɓa ba."

Mai gari ya ture takarda gefe. Wallahi na san mayar wa dattijo kyauta gaban mutanensa zagi ne.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ba raini ba ne. Wanga bawan Allah ko allura bai mallaka ba." Na zayyana masa alkawuran nan uku.

"Ba mata, ba dukiya?" in ji mai gari. "To mi ya ci a duniya?"

"Tuwon dawa, ranka shi daɗe, in an samu."

Aka bushe da dariya. Kafin ta lafa na raɗa wa Fada abin da ya tafka. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni. Na karɓa da sunan gidanmu. A ajiye mana shi nan, ranar da ruwa ya fito limaminku ya yanka, kowa ya ci."

"Ashe Fada ya iya magana!" in ji mai gari, ya jawo takarda ya sa hannu.

Ruwa ya fito kafin damina, mata suna ta guɗa, ni kuwa na ci nama har na sassauta ɗamara.

Abin da na koya shi ne, waɗannan limamai sun san dokarsu, mutanenmu sun san tasu, kuma duk masu mutunci ne. Aikinmu shi ne mu tsaya a tsakani. In kun kai baƙo zaure, kada ku koma mota ku zauna, ku shiga tare da shi.