Shekarar da Na Ce An Tatse Ruwa

Wautar da na tafka da furfura a kaina, ko yaron goye ba zai yi ta ba. Bokona bai kai ya kawo ba, amma a teburin mai shayi ni ne injiniya, ni ne likita. Bakin nan nawa ba ya zuwa hutu.

Gonata tana can ƙarshen kanal, tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa ke isowa a gajiye kamar ni. Kafin ya zo wurina sai ya ratsa gonakin jama'a, kowa ya jefa tiyonsa ya zuƙa, ciyawar kacalla ta sha nata, yashi ya sha nasa. Abin da ya rage shi ne rabona. Da aka kafa injin wutar lantarki a madatsar da ke ba mu ruwa, sai muka daina gane kan sakin: wani makon kanal ya cika har ya zube, wani makon ka ga ƙasansa. Wayoyin kuwa birni suka nufa. Gidana har yau tocila muke haskawa.

Ranin nan alkama na shuka, da ita nake sa ran riƙe gida har damina ta faɗi. Ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta jure ƙishi, ruwa kuma ya ƙi isowa.

Sai dabara ta zo mini. Wata safiya masu gonakin sama duk suna wurin mai shayi, na kurɓa na ce, "Ku dai wahalar banza kuke. Ruwan nan an tatse shi."

"An tatse kamar yaya, Baba?" in ji mai shayi.

"Wutar birni daga ina kake zaton take fitowa? Ƙarfin ruwan ne injin ke zarewa. Saura ake sako mana, kamar ganyen shayinka na jiya da ka maimaita mana yau."

Aka fashe da dariya, mai shayi ya ja mini Allah ya isa. Nufina su raina ruwan kanal, masu hali su koma injin da rijiyarsu, a bar mini nawa ya iso. Na tafi gida ina jin kaina.

Maganar ta shiga kasuwa. Wani ya rantse ya ɗanɗana ya ji salam. Wani makiyayi ya ce shi ya sa shanunsa ke sha ba sa ƙoshi. Ma'aikacin da ke buɗe ƙofar ruwa ya yi bayani har muryarsa ta dushe, cewa ruwan juya inji kawai yake ya wuce abinsa. Ba wanda ya saurare shi.

Abin da na manta, alhali ni ma manomi ne: in ka ce wa manomi abu ya yi rauni, ba ya bari, ƙarawa yake. Mai tiyo biyu ya jefa huɗu. Mai ban-ruwa da safe ya ƙara da yamma.

A wurina ko laima babu. Na bi bakin kanal da ƙafa, gona gona, ina cewa wasa nake yi. Suka ce, "Haba Baba, sai yanzu da kake son mu rage maka?" Na faɗa har na gaji, gwiwoyina ma suka gaji. Alkama ta yi fari tun ba ta yi ido ba. Daga ƙarshe na kira makiyayin nan ya saki shanunsa a ciki, ko ba komai wani ya ci.

Shanun suna cikin ci sai ga taubashina, wanda gonarsa ke bakin ƙofar ruwa, ya zo jaje. Ya daɗe tsaye yana kallon fangalin da ya tsattsage. Na leƙa fuskarsa ko zan ga alamar tsokana, ban gani ba. Sai ya ce:

"Sannu, ɗan'uwa. Wallahi ba don kai ba, da mu ma haka tamu za ta ƙare. Amma kai da ka riga kowa sanin ruwan ba shi da ƙarfi, me ya hana ka ninka?"