Kamfanoni Uku Daga Injin Buga Takarda Ɗaya

Lokacin da abin nan ya faru ina aikin buga takardu a wani shagon kwamfuta a Kura, kuma ina ji da kaina, don kaf layinmu babu mai saurin hannuna. Mahaifina manomin rani ne ta wajen Bunkure. Gonarsa tana can ƙarshen magudanar ruwa, inda ruwa ke isa bayan kowa ya sha.

Wata rana wani ɗan kwangila ya kawo min aiki. Ya ce in buga masa takardun neman kwangilar yashe magudanar yankinmu, amma da sunan kamfanoni uku, biyu su sa farashi sama da nasa, saboda doka ta ce sai an yi takara. Na gane sarai duka ukun nasa ne. Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne ni da bakina na ba shi shawarar a bambanta salon rubutun don kada a gane. Ya yaba basirata, ni kuma sakarya na dinga washe baki.

Ya samu aikin. Ya kawo motar haƙa ta yi wuni guda, ta kankare inda ake hange daga titi, aka ɗauki hotuna, shi ke nan. Ciyawa da taɓo suna nan yadda suke. Tumatirin Baba yana fure ruwa ya daina isowa, ya yi ta zarya da jarka har ƙafarsa ta kumbura, furen ya kakkaɓe yana kallo.

Da manoma suka kai kuka ofishin da ya ba da kwangilar, aka ce musu an bi ƙa'ida, har aka ba su kwafin takardun wai don su ga babu rufa-rufa. Baba ya kawo min su shago, ya ce in karanta masa in rubuta musu ƙorafi, tunda shi bai yi boko ba. Ina buɗewa na ga aikin hannuna. Na faɗa masa gaskiya ina kuka. Bai yi faɗa ba, ya ce dai in saka wannan ma a cikin ƙorafin. Na saka, na sa hannu. Har yau wai ana bincike. Binciken me kuma, bayan ga wadda ta buga ta amsa da bakinta?

Na koyi cewa ɗan kwangila shi kaɗai ba ya iya cutar jama'a, sai ya samu irina. Masu buga takardu da masu sa hannu, ku ji tsoron Allah. Manoma kuma kada tarin takarda ya rufe muku baki, ku nemi a nuna muku masu kamfanin ido da ido. Baba ya ce ya yafe min, amma yanzu duk takardar da za a karanta masa, shagon tsallaken titi yake kaiwa.