Uwani Mai Banda da Kawunan Minjirya

Duk wanda ya taɓa sayen kifin banda a kasuwar Yelwa ya san Uwani. In bai san fuskarta ba ya san muryarta, domin idan tana ciniki a rumfarta har 'yan kabu-kabu da ke bakin tasha suna jin farashi. An haife ta shekarar da ruwan Kainji ya cinye tsohon garinsu, aka kwashe mutane aka zube su a sababbin gidaje wajen Ngaski. Ba ta taɓa ganin garin da idonta ba, amma har gobe tana cewa gonar kakanta na ƙarƙashin tafki, saboda haka duk kifin da ya yi kiwo a can nata ne, alfarma kawai take yi wa masunta da take biyansu.

Aure ne ya kawo ta Yelwa. Mijinta, Malam Surajo mai gyaran injin jirgin ruwa, mutum ne shiru-shiru, ko da yake waɗanda suka san gidan sun ce ba halinsa ba ne, fili ne bai samu ba. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar da murhun banda uku a bayan gida.

Abu biyu Uwani take taƙama da su a duniya. Na farko, shekara talatin da wani abu tana aika kifi Sakkwato da Kwantagora har da Legas, ba a taɓa buɗe kwandonta an toshe hanci ba. A wurinta macen da ta ɗora ɗanyen kifi a mota ta aika wani gari ba ta da tarbiyya, kuma uwarta ma a bincika. Na biyu, hayaƙi bai taɓa sa ta hawaye ba. Maƙwabciyarta Dudu, wadda suke sana'a ɗaya kuma suke gaisawa da kyau su zagi juna da kyau, kullum idonta jajir yake yana zuba. Ita kuwa Uwani sai ta tsuguna a tsakiyar hayaƙi tana juya tarwaɗa tana ba da labari, ido ƙeƙashe.

Autarta, Barakatu, ita ce ta fita daban. 'Yan'uwanta sun kama sana'a ko aure, ita ta kama boko ta ƙi saki. Ta gama digiri na farko, Uwani ta yi waina ta raba, a zatonta an gama ke nan. Sai yarinya ta ce akwai na biyu, a wata jami'a mai tafiyar yini guda, kuma abin da za ta karanta shi ne kimiyyar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Uwani ta zaga kasuwa ta shaida wa kowa cewa ɗiyarta za ta zama likitan mahaukata, har ta yi wa Dudu alkawarin gadon asibiti kyauta.

Da Barakatu ta zo hutu ne gaskiya ta fito. Ba kan mutane take dubawa ba. Kan minjirya take dubawa.

"Minjirya?" in ji Uwani. "Wagga mai jan mutum da wuta, wadda masunta ka zagi in ta shiga koma?"

"Ita, Inna. Jijiya guda ce tak a kowane gefen jikinta ke ba da umarnin wutar nan. Ita nake son in gane yadda take aiki."

"Auta, in kan kihi kika so, mi ya kai ki jami'a? Ga shi nan bayan ɗaki kaji na wasa da shi."

Wannan labarin Uwani ba ta kai kasuwa ba, amma Dudu ta kai mata shi.

Karatun kuwa ya zo da nasa ciwon. Jami'ar ba ta da abin da za ta ba ɗalibi sai allo da fatan alheri. Sinadaran gwaji sun yi tsada, injin wuta sai an roƙa, ɗalibai uku cikin 'yan ajin Barakatu sun riga sun tattara sun koma gida. Abin da ya rage mata shi ne wani tallafi da wata gidauniya take ba ɗaliban fannin, mutum biyu kacal a shekara. Ta cika fom, ta rubuta bayani, ta tsallake zagayen farko. Zagaye na biyu shi ne ta tsaya gaban kwamiti ta nuna hoton jijiyar da ta ciro da hannunta. In ta samu, karatu ya ci gaba. In ta rasa, ita ma sai gida, ga murhu uku suna jiranta, ga Dudu.

Saura mako uku ta kira uwar a waya. Ta yi bayani dalla-dalla, sau biyu. Kawunan minjirya ashirin take so, a yanke su da ɗan wuya, a zuba cikin kula, a danne da ƙanƙara, a sa a motar safe ranar da aka yanka. Uwani ta ce ta ji. Barakatu ta fara maimaitawa na uku, Uwani ta ce, "Ke, ni za ki koya ma aika kihi?" Ta kashe waya.

Ta aika aka kira Dogo, masuncin da ya fi shekara ashirin yana kawo mata kaya. Da ya ji abin da ake so sai ya cire hula ya sosa kai.

"Yaya Uwani, mutane na roƙon Allah ya raba su da ita, ke kina aike a kamo miki?"

"Ta jami'a ce. Kai dai kamo."

Kwana shida Dogo ya yi yana bin kogunan duwatsu da gindin itatuwan da ruwa ya ci. Ranar da ya cika ashirin ya kawo su a daro, hannunsa na dama yana rawa shi kaɗai, ya ce ko sallama ya miƙa wa mutum sai ya ga ana ja da baya.

Uwani ta yanke kawunan, ta jera su a kula, ta kawo ƙanƙara ta zuba. Daga nan ta tsaya tana kallonsu, sai zuciyarta ta ƙi. Ta san hanyar nan. Ta san motar za ta tsaya shan mai, ta tsaya salla, ta tsaya faci, direba ya tsaya gaida budurwarsa. Kafin la'asar ƙanƙarar nan ta zama ruwan ɗumi. A kai wannan gaban manyan malamai, a buɗe, wari ya tashi, a ce daga wa? Daga Uwani ta Yelwa. Yarinya ce, boko ya cika mata kai, ba ta san abin kunya ba. Aikin uwa ne ta rufa mata asiri.

Ta zubar da ƙanƙara, ta hura wuta da itacen ƙirya. Kwana uku tana juya kawunan nan a hankali, ta shafa musu gishiri da ɗan barkono, har suka yi ja suna ƙyalli. Ita kanta ta san ba ta taɓa banda mai kyan wannan ba. Ta naɗe su a takarda, ta ƙara manyan tarwaɗa huɗu na Farfesan da ke koyar da Barakatu, ta ba direba da gargaɗi.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Uwani ta gyara zama don karɓar godiya, har ta ƙara murya yadda Dudu za ta ji ta katanga. Wani irin numfashi ta fara ji.

"Inna, kin banda su."

"Ƙwarai. Kin ga kyau ko?"

"Inna, ƙwaƙwalwar ta dahu. Jijiyar ta ƙone. Ba abin da zan gani a ciki." Ta ƙara da cewa, "Saura kwana goma sha ɗaya. Shi ke nan, Inna, na gode. Zan dawo gida."

Ba zagi, ba tsawa, kuma wannan ne ya fi yi wa Uwani ciwo, don da faɗa ne ta san yadda ake yinsa. Daga baya ta ji cewa Farfesa ya kai kawunan gida an yi masa miya, har ya aiko a tambaya ko akwai saura. Yabon bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Uwani ba ta iya ba da haƙuri ba. Ba ta taɓa ba Malam Surajo ba har ya koma ga Allah, ba kuma a waya za ta fara koya ba. Ta yini ba ta hura wuta ba. Ta yarda ta yi ɓarna, amma ba ta yarda ƙanƙara za ta kai ba, kuma a nan tana da gaskiya. To in ɗanye zai ruɓe, bandararre kuma bai da amfani, saura hanya guda. Ta yafa mayafi ta nufi bakin ruwa.

Da Dogo ya hango ta sai ya fara tura jirginsa cikin ruwa. Ta riƙe igiyar.

"Masu rai nika so wannan karon. Ko shida."

"Yaya Uwani, ina da iyali."

"Ni ma ina da ɗiya."

Kwana huɗu ya kawo bakwai. Ta yanke bakin jarkoki bakwai, kowace minjirya da ɗakinta don kada su kashe juna, ta cika da ruwan kogi. Ta bar wa Dudu makullin rumfa, abin da ya sa kasuwa ta tabbata lallai wani abu ya faru. Ta sayi kujerun baya gaba ɗaya a motar wani direba Elijah, ta zauna a tsakiyar jarkokinta. Duk inda aka tsaya sai ta sauka ta nemi rijiya ta canza musu ruwa da kofin roba, fasinjoji suna tsaki, tana amsa wa kowa daidai da tsakinsa.

A wani shingen hanya wani mai kaki ya leƙo ya ce mene ne a ciki. Ta ce minjirya ce, ta jami'a. Ya ce ba a yi masa wasa, shi sai ya laluba da kansa. Uwani, wadda ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba, ranar nan ta kama bakinta ta matsa masa. Ya naɗe hannun riga ya zura. Elijah ya ce shekararsa goma sha biyu a hanyar nan, bai taɓa ganin an ɗage shinge da sauri haka ba.

Sun isa da la'asar sakaliya, biyar da rai, biyu sun juya ciki. Barakatu ta fito daga ɗakin gwaje-gwaje da farar riga, ta ga uwarta a tsaye a ƙofar sashe, zani jiƙe, tana warin kogi, tana yi wa mai gadi bayanin ko ita wace ce. Yarinya ta buɗe baki, Uwani ta riga ta.

"Ga su nan. Biyu sun mutu, laihin direba ne. Ki yi abin da za ki yi tun ba su bi su ba."

Kwana biyu ta yi a can. A na biyun Barakatu ta ja ta zuwa madubin likita ta ce ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Uwani ta leƙa ta daɗe. Ta ga wani abu mai rassa kamar saiwar gero. Ta ɗago ta ce, "Wannan ɗan abin ne ya kusa kashe Dogo?" Aka ce shi ne. Ta ce lallai ta yanka kifi dubbai ba ta san da shi ba, ta kuma gaya wa Farfesa a fuskarsa cewa ɗakin nasu na bukatar shara.

Bayan wata biyu sakamako ya fito, Barakatu na cikin mutum biyun. Uwani ta zaga kasuwa rumfa-rumfa, har wurin masu sayar da taya da ba su san ta ba. Sai da yamma, da yarinyar ta sake kira, ta ji ragowar bayanin da ke cikin takardar. Tallafin ya haɗa da shekara uku a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, za a tafi bayan Babbar Salla, kuma ba a zuwa hutu sai an gama.

"Shekara uku," in ji Uwani.

"Uku, Inna. Da ba ki kawo su ba da ban samu ba."

"To. Madalla."

"Inna, in zan tafi ki yi mini banda. Irin wadda kika yi wa Farfesa."

Uwani ta ce za ta duba in tana da lokaci. Ta ajiye waya ta zaga bayan gida, ta jawo itacen ƙirya ta fara jerawa a murhu. Ita da kanta ta ɗauki jarkokin nan ta kai, ba wanda ya aike ta, kuma da za a sake da ta sake. Sanin haka bai rage mata komai ba.

Dudu ta leƙo ta katanga don ta yi barka, ta tsaya tana kallonta.

"Uwani, mi ya samu idonki?"

"Hayaƙi ne."

Dudu ta dubi murhun, ko ashana ba a kai ga ƙyastawa ba. Shekara talatin tana jiran ranar da za ta ga wannan. Ta zagayo ta ƙofa, ta tsuguna kusa da ita, ta karɓi ashanar ta hura mata wutar.