Hoto Ɗaya a Hanyar Auyo

Motarmu ta mutu karo na uku, wannan karon a tsakiyar ruwan da ya shafe hanyar Auyo. Duk mun sauka muna turi, ban da wani dattijo siriri mai farin gemu. Yana zaune ya ƙanƙame tsohuwar kyamara mai fim a ƙirjinsa. Faratansa sun dafe, kamar na wanda ya shekara talatin yana wankin hoto.

"Baba, ka sauko mana, ruwan nan ƙaruwa yake!" in ji direba.

Ya sauko, ruwa har gwiwa. Wasu fasinjoji sun bar turi suna ɗaukar bidiyo da waya. Shi ma ya kai kyamarar idonsa, ya daɗe yana saiti. Amma bai danna ba.

Na ce, "Baba, ɗauka mana."

"Saura ɗaya a fim ɗin, ɗana. Kuma na daina samunsa a Haɗeja."

Ban san wa yake ajiye wa hoton a Auyo ba, ko amarya ce, ko sabon jika. Ruwa ya kai masa ƙugu, motar ta ƙi tashi. Ya ɗaga kyamarar sama da hularsa, ko kallon ruwan ba ya yi.