Ɗakin da Zarto Ya Yi wa Kwamfutar Baba

A layin kafintoci, in ka tambayi wanda ya fi kowa iya haɗa katako, Zarto za a nuna maka. In ka tambayi wanda ya fi kowa saurin kumbura, shi dai za a sake nuna maka, sai dai wannan karon da haɓa, don kada ya gani. Sunan ya samo shi tun yana ɗan koyo, saboda haƙoransa na sama da suka jeru wani dogo wani gajere, da ya girma kuma bakinsa ya ƙarasa aikin. Abin taƙamarsa a duniya shi ne haɗi. In ya haɗa katako da katako ba ya barin kafar da tururuwa za ta leƙa. Yakan ɗaga kujera ya duba ta cikin rana, in ya hango ɗigon haske a mahaɗa sai ya wargaza ya sake, mai kujera ya yi ta jira.

Shi ne babba a gidansu. Shi ya bar makaranta da wuri ya kama guduma, shi ya yi wa Baba gado da ƙofar falo, da kujerar nan mai hannu da tsohon ke wuni a kanta tun da ya ajiye tuƙin motar haya. Amma wa ke yabon abin da yake zaune a kai? Sai ga Auta, yaron da Zarto ya yi ta sharce wa majina da gefen riga, ya gama karatu, ya samu aiki a ofis mai sanyi, ya shigo wata rana da kwalaye. Kwamfuta ce ta tebur, allo daban akwati daban, wai don Baba ya riƙa ganin 'yarsa da ke aure a nesa, da jikoki.

Daga ranar ba baƙon da ya tsira. Maƙwabci, mai gyaran famfo, har mutumin da ke zuwa duba mitar wuta, kowa sai Baba ya jawo shi ya nuna masa, ya ce autansa ne ya saya. Yana faɗa yana zaune a kujerar Zarto, hannunsa a kan hannun kujerar da Zarto ya goge har ya yi santsi kamar kuncin jariri. Zarto yakan yi murmushin da bai wuce haƙora ba, ya koma gida ya ce abincin ba gishiri. Matarsa, wadda ta san shi kamar tafin hannunta, takan tambaye shi ko yau ma an nuna kwamfuta ne.

Akwatin kwamfutar a ƙasa yake zaune, wayoyi sun barbazu. Nan Zarto ya ga ƙofar shiga. Ya zaro katakon da ya daɗe yana ɓoyo a saman rumfa, wanda ya hana kowa ko da an zo da magiya, ya yi wa akwatin kabad daidai jikinsa. Baya a rufe ruf, sai 'yar huda ɗaya da waya za ta bi, ita ma ya toshe gefenta da soso don ƙura. Ya sa marfi mai rufuwa shiru, da ɗan makulli, ya shafe shi da fenti mai sheƙi har kana ganin hancinka a jiki. Da ya kawo, Baba ya shafa, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, ya ce wallahi aiki ya yi kyau, kwamfutar Auta ta samu ɗaki.

Zarto ya ji daɗi rabi. Yabon nasa ne, amma sai da sunan yaron ya shigo ciki ya zauna.

Ba a daɗe ba kwamfutar ta fara sandarewa. Ana cikin hira sai fuskar 'yar Baba ta tsaya cak, baki a buɗe, ido ɗaya a kanne, kibiyar nan ta allo ta ƙi gaba ta ƙi baya. Baba ya jijjiga linzamin da ke motsa kibiyar, ya buga shi a tebur, ya lallashe ta da muryar da yake yi wa tsohuwar motarsa a kan hawa. Ko gezau. Sai a kira Auta.

Auta yakan zo daga ofis, ya naɗe hannun riga, ya jawo akwatin daga kabad ya ɗora a kan tabarma. Ya nemi ƙwayar cuta bai samu ba. Ya goge tarkacen da jikokin maƙwabta suka cika ta da shi. Ya canza linzami, ya ciro 'yan sassan ƙwaƙwalwarta ya goge ya mayar, wata rana ma ya wanke ta tas ya sake zuba mata komai sabo. Muddin tana kan tabarma, lafiya lau, gudu take kamar an biyo ta. Ya mayar da ita ɗakinta, Baba ya murɗa makulli, ya sa masa albarka. Washegari kafin la'asar ta sake ƙamewa. Ya taɓa ɗaukarta gidansa ta yi mako tana aiki ba tari ba atishawa, ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya.

Zarto bai taɓa zama mai zumunci kamar wannan lokacin ba. Da ya ji an kira Auta sai ya rufe shago ya taho, ya jingina da ƙofar da ya yi da hannunsa, yana kallo.

"Injiniya, yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Ko dai tsohuwa suka shafa wa hoda suka sayar maka? Ka san ku 'yan boko, da an yi muku turanci sai ku miƙa hannu."

Auta ya yi dariya kawai. Sau ɗaya ya tsaya ya daɗe yana kallon kabad ɗin, ya leƙa bayansa, ya buɗe baki zai yi magana. Ya dubi yayansa, ya dubi Baba da ke goge marfin da gefen hula, sai ya ce ko za a riƙa barin ƙofar a buɗe. Baba ya ce a kan me, abin da aka yi wa makulli? Zarto ya ce in mutum ya kasa gyara ai sai ya kama ƙofa da laifi. Maganar ta mutu a nan.

Abin da ya rage wa Zarto daɗi shi ne ranar da Baba ya gaji. Ya ce in ta sake yi, Auta ya kwashe abarsa, kabad ɗin kuma a kai shi bayan ƙofa a riƙa zuba takalma, ba zai zauna yana kallon ɗakin da ba kowa ba. Takalma, a katakon da Zarto ya hana kansa.

Wata rana da hantsi ya biyo ya dawo wa Baba da kujerar da ya ɗaure wa ƙafa. Tun daga tsakar gida ya ji muryar tsohon yana ba da labarin yadda ya taɓa tsallake gada da mota ba birki. Ya leƙa. A allo jikar Baba ce, ƙaramar, ta ɗaga wani zane da ta yi, ta tsaya haka ba motsi. Baba bai lura ba. Ya zaci sauraro take, yana ta zuba, har da kwaikwayon ƙarar inji. Da ya kai ƙarshe ya jira dariyarta, ba ta zo ba. Ya matsa kusa da allon, ya kira ta, ya koma ya jingina.

Zarto ya durƙusa don ya kashe kwamfutar, ya murɗa makullin kabad ɗin. Wani hucin zafi ya bugi fuskarsa, da warin gam da ya fara narkewa. Ya sa hannu a rufin kabad ɗin ta ciki, ya janye da sauri. Fankar akwatin tana ta kuka tana hura bangon katako, bangon yana mayar mata. Sannan ya ga abin da ya fi ƙona shi: a kusurwar sama, mahaɗarsa ta buɗe kamar silin gashi, haske na shigowa. Shi da in injin hudarsa ya ɗauki zafi yake ajiye shi ya huta, shi ya kulle wannan a ɗaki ba taga, har da soso.

Ya rufe marfin a hankali. In ya yi shiru ba mai sani, Auta zai kwashi abarsa da kunyarsa. Ya kai wa matarsa zancen a kaikaice, wai wani abokin aikinsa ne ya yi irin wannan kuskuren. Ta ci gaba da ninke kaya, ta ce to ya gaya wa abokin nasa takalman Baba wari gare su.

Da yamma ya ce zai kai kabad ɗin shago ya ƙara masa fenti. Ya daɗe tsaye da injin huda a hannu, maƙwabcinsa mai yin gadaje yana tambaya ko lafiya yake gaisawa da katako. Hudar farko ya ji ta har haƙarƙarinsa. Amma tunda za a yi ɓarna, ya ce, a yi ta da tsari: ya jera hudojin da awo a gefe da gefe, suka fita kamar ganyen dabino, ya cire bayan gaba ɗaya, ya yar da soson.

Ranar da ya mayar, Auta ma ya zo da wata sabuwar wayar wuta da zai gwada wa kwamfutar. Ya ga hudojin, ya sa tafin hannu ya ji iska mai ɗumi na fita. Ya ɗago ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Ko mamaki bai nuna ba, ya mayar da wayar aljihu. Wato tun tuni ya sani, ya yi ta zuwa yana naɗe hannun riga yana shan gori. Zarto ya ji wani sabon haushi ya taso masa: yaron nan har a kunya ma sai ya fi shi.

Kwamfuta ba ta sake sandarewa ba. Mai duba mita ya dawo, Baba ya jawo shi kamar kullum, Zarto na bakin ƙofa.

"Autana ne ya saya, shi ya gyara ta kuma." Sai ya sunkuya ya shafa hudojin. "Wannan kuwa aikin babbana ne. Dubi ganye, kamar ka tsinka."

Mai mita ya duƙa ya duba da gaske, har ya tambayi inda shagon yake. Zarto ya koma gida yana fito, ya ci abinci bai nemi gishiri ba. Sai da ya wanke hannu ya ce wa matarsa, ita dai ta lura, ko a nan ma sunan yaron aka fara kira.