Don Ysidro da Taragon Ruwa

A garinmu Cenizo ba mu da rijiya. Kakannina sun haƙa har suka gaji, gishiri kawai suka tarar. Ruwan shanmu jirgin ƙasa ke kawowa a tarago duk ranar Talata, ya kwance shi a gefen layi ya wuce. Mu kuwa sai mu fito da ganguna a baro, ana hira ana faɗa, kamar ranar kasuwa. Har yau ina kewar ɗanɗanon ƙarfen nan da ke cikin ruwan.

Mai riƙe tiyo shi ne Don Ysidro Quintanar (Don da Doña laƙabin girmamawa ne a wajenmu), gajeren mutum mai gashin baki da tsokanar tsiya. Aikinsa bin layin dogo a ƙafa da guduma da sifana, yana duba notin da ya kwance ko ƙarfen da ya tsage. Ni ina sayar da wake da wainar masara a bakin tasha, kullum a wurina yake karyawa, kullum kuma sai ya kushe kofina.

Da injunan dizal suka maye gurbin masu tururi, jiragen suka daina tsayawa shan ruwa, aka kwashe ma'aikata. Ƙa'idar kamfani ita ce, muddin akwai ma'aikacinsa ko ɗaya a gari, taragon ruwa zai ci gaba da zuwa. Don Ysidro ne kaɗai ya rage. Sauranmu zawarawa ne da tsofaffin mahaƙan ma'adinai, duk albarkacinsa muke sha.

"Ku riƙa lallaɓa ni," in ji shi. "In na yi atishawa kun shiga uku."

"Kai dai riƙe tiyo da kyau, tsohon banza," in ji Doña Chabela, maƙwabciyata, wadda ta girme shi kuma ba ta raga masa.

Lokacin ritayarsa ya yi, ya ƙi tafiya. 'Yarsa da ke birni ta yi magiya har ta haƙura. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni na fara lura, ranar da ya zuba gishiri a kofi ya shanye bai ko kushe shi ba. Muka rufa asiri, muka raba kwanaki: kowace safiya wani zai bi shi layi ya zama idonsa. Ka ga Doña Chabela da lema tana bin dogo tana ihu, "Ga wani noti can ya kwance, makaho!" shi kuma yana cewa, "Sannu injiniya." Mun yi dariya a shekarun nan, wallahi.

Ranar da Orville Tackett, wani gurgun tsohon mahaƙi, ya raka shi, suka wuce tsagaggen ƙarfe babu wanda ya gani. Allah ya sa direban jirgin kaya ya ji ƙarar da ba ta yi masa ba, ya ja birki. Bayansa jirgin fasinja ne ke tafe.

Washegari Don Ysidro ya zauna a shagona bai taɓa abincinsa ba.

"Zan gaya wa kamfani, Luvena," ya ce mini.

"Ka gaya musu me? Babu wanda ya mutu!"

"Akwai yara a jirgin nan."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Orville ma ya daina gaishe shi. Amma ya je ya faɗa da bakinsa, kamfani ya sallame shi da mutunci, aka ce mana tarago ɗaya ya rage.

Talatar nan kowa ya fito, har waɗanda suka riga suka ɗaure kayansu. Babu hira, babu faɗa. Don Ysidro ya riƙe tiyo kamar kullum, ya sa a gangar Doña Chabela, sannan ya juyo wajen da yake jin numfashinmu.

"Ku yafe mini," ya ce. "Na so in kai ku gaba da haka."

Gangar ta cika, ruwa ya fara malala a ƙasa yana jiƙa masa takalmi, bai gani ba. A garinmu ko cokali ɗaya ka zubar sai ka sha zagi. Muka tsaya muna kallon rairayi yana shanyewa, babu wanda ya ce masa ya kashe famfo.